Hannun Da Za A Ɗaura Wa Zare

Ko akuya ta san ba a zuwa Manali da damina. Hanya na zaftarewa, kogi na cin gada, hukuma ta rufe tashi da laima da tseren kwale-kwale har sai sama ta washe. Amma mai kwaɗayi ba ya duba sama. A tsakiyar wannan ruwa Gagan Khurana ya sake hawowa daga Dilli, babban birnin Indiya, cikin baƙar motarsa, wannan karon da uwarsa a gefe, wai sun zo buɗe ido.

Buɗe ido! Ni Jayanti 'yar Tikam Ram, da na girma ina ba irinsu hayar rigunan sanyi da takalman roba a bakin hanyar Solang, na san idon da suka zo buɗewa. Gonar tuffarmu ce, wadda ta kalli kogi. Dokar jiharmu ta hana baƙo sayen gona, amma ba ta hana shi auren 'yar mai gona ba. Otal yake son ginawa, ni ce kuma takardar filin.

Zuwansa na farko da zafi ne, lokacin da Dilli ke kwaso 'ya'yanta ta zube mana. Ya karɓi rigar ƙanƙara a hannuna ya saka, alhali ƙanƙarar ta narke sai taɓo. Ya hau yak, bijimin dutse mai gashi, ya rungumi farin zomo, aka yi masa hoto. Daga nan ya ce shi tashi zai yi, kuma daga wuri mafi tsayi, don sunansa ma Gagan, wato sararin sama. Duk wanda ya tsaya kusa da shi sai da ya ji wannan fassarar.

Biru, matuƙin laima, aka ba shi ya tashe shi.

Magana ɗaya Biru ke faɗa wa duk wanda ya ɗaure a ƙirjinsa kafin su tashi: "Kada ka zauna, kada ka waiwaya, ka yi ta gudu har ƙasa ta ƙare." Yara ƙanana suna ji, tsofaffin mata suna ji. Sararin Sama kuwa, yana hango bakin dutse ya zauna daɓas. Da jan gindi Biru ya fitar da shi. Tun daga ƙololuwa har ƙasa muna jiyo shi yana "Mami! Mami!", kuma kafin su sauka ya yi wa masu dawakin haya ruwan abincin da ya ci da safe.

Da yamma ya sa bidiyon a waya, ya cire ihun, ya ɗora kiɗa. Wannan shi ne mijin da mahaifina ya zaɓa mini.

Biru kuwa a gonarmu aka haife shi, a 'yar bukkar da ke gindin gangare. Ubansa ɗan Nepal ne, ya ƙare rayuwarsa yana dakon akwatunan tuffarmu a baya. Tun muna satar ɗanyar tuffa tare nake son Biru, shi ma haka. Kowa a ƙauyen ya sani, ba wanda ya taɓa furtawa. Bapu, mahaifina, har yau "yaron gida" yake ce masa, mutum da gemunsa.

Aka shimfiɗa wa baƙi sabon bargo a barandar sama. Mahaifiyata, Ijji, ta kawo shayi da siddu, gurasarmu ta dutse, mai zafi, man shanu na narkewa a kai. Anti Pammi, uwar Gagan, ta taɓa shi da ɗan yatsa kamar ta ga kwaɗo.

"Kai, ku mutanen dutse, maiƙo haka? Shi ya sa kumatunku suke ja. Jayanti, zo nan 'yata, juya in gan ki. Ba laifi. In ta yi wata biyu a Dilli wannan kaushin hannun zai fita."

"Kaushin na aiki ne, Anti-ji," na ce. "A can ba ku da shi?"

Ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ijji ta sunkuyar da kai, ita dama bakinta a gaban Bapu ba ya buɗuwa.

Bua Hukmi, yayar Bapu, ita ce ta ƙulla wannan magana tun farko, kuma an riga an kawo mata mayafi mai zaren zinariya daga Dilli. Ta gyara zama ta ce, "Kun zo a sa'a, gobe ranar rakhi ce. Za ku ga yadda muke yi a nan."

Anti Pammi ta dafe ƙirji. "Kada ki tuna mini, 'yar'uwa. Gagan shi kaɗai gare ni. Kowace shekara abokansa hannu cike da zare, nawa ɗan hannunsa fayau, ba ƙanwar da za ta ɗaura masa. Tun yana ƙarami yake kuka a kan abin nan."

"Mami, don girman Allah," in ji Gagan, idonsa a kan gonar, yana auna ta da babban yatsa.

"Ita ma tamu ba ta da wa," Bua ta ce, tana kallona ta wutsiyar ido. "Amma gobe za ta samu. Akwai wani yaro da ya tashi a gidan nan, wanda ya tashe ka a laima, ɗana. Mutane da dogon baki suna ta faɗar abin da ba shi ne ba. Gobe a gabanku za ta ɗaura masa zare, kowa ya huta."



Ashe nan aka nufa. Macen da ta ɗaura wa namiji zaren rakhi ta mai da shi ɗan'uwanta na har abada. Ba limamin da zai ɗaura musu aure, ba ƙauyen da zai ba su ruwa in sun yi. Tun ina 'yar ƙarama ake miƙo mini zare a ce in ɗaura wa Biru, ni kuwa in gudu in ɓuya a ɗakin shanu, ana dariya ana cewa ƙuruciya ce.

Baƙi na tafiya otal ɗinsu na sami Bapu a ɗaki, na durƙusa na kama ƙafarsa.

"Bapu, ka dubi girman Ubangiji. Ka ce in bar Biru, zan yi ƙoƙari. Ka ce in zauna ba aure har in tsufa a gidan nan, zan zauna. Amma kada ka sa in kira shi yaya da bakina."

"Sakar mini ƙafa."

"Ba ni suke so ba, Bapu, gonarka suke so. Ka ga yadda yake auna ta? Itatuwan da kakana Dada ya dasa da hannunsa za su sare, su zuba siminti, 'yan Dilli su zo suna jefa kwalba a kogi."

"Tuffa ta mutu, Jayanti. Ƙanƙara ba ta sauka kamar da, furen na zubewa, ƙwari sun ishe mu. Kina so in mutu in bar ki da busassun itatuwa da mijin da abincinsa ke rataye a iska? Dube shi yanzu, an rufe sama, yana zaune yana ƙirga kwanon rufi."

"Yana da sana'a. Bai taɓa roƙon kowa ba."

"Ɗan dako ne!" Bapu ya daka tsawa. "Ubansa a ƙofar kicin ɗina yake cin abinci. In ba shi 'yata, in shiga taron ƙauye da wace fuskar? Su ce Thakur, mai gona da asali, ya zama surukin ɗan Gorkha, baƙon Nepal?"

Hawaye suka ɓalle mini. "To fuskarka ce za a wanke da ni?"

Ya kau da kai. Bapu ba mugu ba ne, tsoron bakin mutane ne ya cinye shi, sai kuma Bua da ke hura masa wuta safe da yamma.

"Na riga na yi magana da shi," ya ce a hankali. "Ya ce zai zo."

"Wa?"

"Birun naki. Ya fi ki hankali."

Ban tsaya ɗaukar lema ba. Cikin ruwan na gangara har rumfar da matuƙa ke ajiye kayansu. Na same shi shi kaɗai, ya baza laimarsa ja da fari a kan igiya don kada danshi ya ci ta, yana bin zarurrukan ɗaya bayan ɗaya da yatsa.

"Da gaske ne?" na ce.

Bai juyo ba. "Kin jiƙe, Jaya. Ga bargo can."

"Ka ci bargonka! Da gaske ne ka ce za ka zo ka miƙo mini hannu?"

"Da gaske ne."

Na yi dariya, dariyar da ta fi kuka ciwo. "Sannu jarumi. Sannu mai tsalle daga kan dutse da ƙaton mutum a ƙirji. Ashe tarin Bapu kaɗai ya isa ya zaunar da kai. Me ya raba ka da Sararin Sama? Shi ko ba komai ya yi ihu."

Sai a lokacin ya juyo, idanunsa jajur.

"Ranar da babana ya mutu, ba ɗan ƙauyen nan ko ɗaya da ya yarda ya taɓa makararsa. Baƙo ne, ɗan dako. Mahaifinki ya cire hularsa, ya sa kafaɗa, ya kai shi bakin kogi. Shi ya riƙe hannuna na sa wa gawar wuta, kamar yadda al'adarmu take. Yau ya zo har nan da ƙafarsa, ya haɗa hannu biyu a gabana, dattijo kamarsa, ya ce, 'Biru, ka rufa mini asiri.' Me kike so in ce masa?"

"Ka ce masa kana sona."

"Ya sani."

"To ka faɗa da ƙarfi! Shekara nawa kana faɗa mini a bayan rumfa kamar ɓarawo? Biru, gobe in zaren nan ya hau hannunka, shi ke nan. Za ka ɗauki kayan aurena a ka, ka kai ni motar wancan. 'Ya'yana za su ce maka kawu. Duk shekara in zo in ɗaura maka sabo, in sa maka alewa a baki, kana murmushi. Za ka iya?"

Ya rufe fuska da hannu.

"Ba zan iya ba," ya ce cikin kuka. "Amma na ci gishirin gidanku, Jaya. Ban san yadda ake tofar da shi ba."

"Kai ne kullum kake ce wa mutane kada su zauna."

"Wannan a kan dutse ne."

"Nan ɗin ina ne?"

Na tsaya ina kallonsa, so da haushi suna kokawa a ƙirjina, har na rasa wanda ya fi. Na juya na fita, ya kira sunana, ban waiwaya ba.

Washegari ruwa ya ɗauke, kamar sama ma tana son kallo. Bua ta gayyato rabin ƙauye, wai shan shayi. Tsakar gida ta cika da mata cikin pattu na biki, wato zanen ulu da muke ɗaurawa da allura, da dattawa da hulunansu. Aka kawo wa Anti Pammi kujera don ba ta iya zaman ƙasa. Ita ma ta yi hayar pattu a kasuwa, ta ɗaura shi a birkice, allurar a baya, ba wanda ya gaya mata.

Ijji ce ta shirya farantin: fitila, jan gari na goshi, shinkafa, dunƙulen alewar laddu, da zare guda mai jan fure. Da ta miƙo mini, hannunta ya yi sanyi ƙalau. Ba ta dube ni ba.

Biru ya shigo cikin wankakkiyar riga, fuskarsa kamar wanda za a kai bakin kogi. Ya taɓa ƙafar Bapu, ya zauna a kan tabarmar da aka shimfiɗa masa a tsakiya. Yau ce rana ta farko da aka ba shi wurin zama a tsakiyar gidanmu, kuma don a yanka shi ne.

Gagan kuwa bakinsa har kunne. Ya ɗaga waya yana zagaye mu, yana magana da mutanensa na Dilli da ke kallo kai tsaye.

"Jama'a ku gani, al'adar dutse ta asali! Wannan ita ce wadda na gaya muku. Wannan kuma direbana ne na sama, yau zai zama surukina. Yi murmushi mana, Bahadur!"

Sunan da suke kiran kowane ɗan Nepal ke nan, mai gadi ne ko mai wanki. Mutumin da ya riƙe ransa a sama, ko sunansa bai riƙe ba.

Na durƙusa gaban Biru. Na zagaya fitilar. Na ɗauki zaren, hawaye na ɗiga a kan shinkafar. Biru ya ɗago hannun dama, amma hannun ya ƙi tashi sosai, ya tsaya a kan gwiwarsa.

"Ba a gani, ba a gani!" in ji Gagan. Ya tsuguna a gefenmu, waya a hagu, ya sa hannun dama ya cafko damtsen Biru ya ɗaga sama. "Haka! Riƙe nan. To maza, Jayanti, ɗaura."

Na dubi hannuwan nan biyu a gabana. Ɗaya baƙi, duk tabon igiya. Ɗaya fari sumul, ba ko ƙwarzane, fayau kamar yadda uwarsa ta faɗa.

Shekaru ina ɗaure wa 'yan Dilli igiyar takalmi suna tsalle-tsalle. Hannuna ya san sauri. Kafin Gagan ya ƙifta ido na zagaya zaren a wuyan hannunsa, na ƙulla, na sake ƙullawa. Na dangwalo jan gari na shafa masa a goshi. Ya buɗe baki zai yi magana, na cusa masa laddu.

"Ubangiji ya ja kwananka, Yaya Gagan," na ce da ƙarfi yadda na bakin ƙofa za su ji. Na sunkuya na taɓa ƙafarsa. "Anti-ji, share hawayenki. Ɗanki ya yi ƙanwa."

Tsit. Har kukan kogi ana ji.

Wata tsohuwa a baya ce ta fara, ƙiƙiƙi, ta toshe baki da mayafi. Sai gidan ya ɗauka. Dattawa na sunkuyar da kai, hulunansu na girgiza. Gagan ya miƙe, laddu cike da baki, yana kici-kicin tsinke zaren da haƙori, wayar kuma na nan a hannunsa tana nuna wa Dilli komai.

"Kada ka tsinke, ɗana," wani dattijo ya ce yana share ido. "A nan sai ranar bikin Sair ake cirewa. Ko ka cire ma, mun riga mun gani."

"Wasa ne! Kuskure ne!" Anti Pammi ta miƙe, pattunta na warwarewa. "Hannu ta ɓata! Hukmi, ki yi magana mana!"

Bua ta kau da kai. Ita da ta tara shaidu, ita ta fi kowa sanin zare ba ya kuskure.

Dariyar ta mutu ne lokacin da Bapu ya tashi.

Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya taka a hankali zuwa wurin bautarmu da ke gefen baranda, ya ɗauko ƙullin jan zaren ibada, ya tsinko mai tsawo, ya dawo ya jefa a farantina.

"Zare bai ƙare a gidan nan ba," ya ce. "Kin kashe wancan aure, kin zubar mini da mutunci a gaban baƙi. To wannan ma sai ya mutu. Mace na iya yin yayye biyu. Biru, miƙo hannunka."

Duk idanu suka koma kan Biru. Hannunsa na nan inda Gagan ya sake shi, a kan gwiwa. Na dube shi. Na gama nawa gudun. In zai zauna, ya zauna.

Ya daɗe yana kallon hannun. Sannan ya janye shi, ya mai da shi bayansa, ya miƙe tsaye.

"Thakur-ji," ya ce, da muryar da kowa ke ji, "kafaɗarka ta ɗauki babana, ba zan manta ba har in mutu. In kana so ka sare hannun nan, ga shi, ɗauko gatari. Amma ba za a ɗaura masa zare ba. Ina son Jayanti. Aurenta nake so."

Bua ta ɗora hannu a ka. "Kun ji ɗan dako! Tikam, kana tsaye?"

"Kafin rana ta faɗi," Bapu ya ce, "ka kwashe tsummokaranka ka bar mini ƙasa." Ya juyo gare ni, idonsa cike da ruwa, kuma wannan ne ya fi yanka ni. "Ke kuma, ga zare ga ƙofa. In kika bi shi, ki sani na ƙone gawarki yau. Ba ni da 'ya."

Biru ya sunkuya zai taɓa ƙafarsa, Bapu ya janye. Ya ratsa mutane ya fita. A bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo ba, bai kira ni ba, ya tsaya kawai.

Na dubi barandar da aka haife ni, da itatuwan Dada, da furfurar Bapu. Ƙarfin hali duk ya tsere daga zuciyata, ba abin da ya rage sai tsoro. Na ji zan zauna.

Sai aka damƙe wuyan hannuna.

Ijji ce. Ta karɓe farantin, ta riƙe ni gam har ƙashina na ciwo. Na ce shi ke nan, za ta ja ni ɗaki ta kulle. Matar da ban taɓa jin ta musa wa Bapu ko da gishirin miya ba. Ta matso da bakinta kunnena, hawayenta na sauka a wuyana.

"Takalmanki na bayan ƙofa, tun asuba na ajiye," ta ce. "Kada ki waiwaya."

Ta sake ni.